Babur na hannu a hannun ɗan koyo: nazarin shekara guda

Wannan nazari ya bi sawun wani ma'aikaci mai shekara 30 da 'yan kai, wanda ya sayi babur na hannu alhali bai taɓa tuƙa abin da ya wuce keke ba. An sakaya sunansa. Bayanan sun fito daga rasitan da ya adana, da takardar da bakanike ya cike ranar da aka yi wa babur ɗin cikakken bincike, da kuma abin da shi kansa ya faɗa. An auna duk kuɗin da aka kashe da kuɗin sayen babur ɗin, wato kashi nawa ne cikin 100 na abin da ya biya ranar farko.

## Kafin saye

Tsakanin gidansa da wurin aiki kilomita 16 ne, kuma sai ya canza mota sau biyu kafin ya isa. Zuwa da dawowa na cinye masa kusan awa 3 kullum. A lissafinsa babur zai kai shi cikin minti 30. Ya yi wata 8 yana tara kuɗi, abin da ya tara bai kai kuɗin sabo ba, sai ya karkata ga na hannu. Yana da wani dalilin kuma: mai koyo ba ya rasa faɗuwa, gara ya goge fentin tsoho da ya goge na sabo.

Da farko ya tsayar da ransa a kan mai injin 125cc (cc ma'aunin girman inji ne). Wannan shi ne girman da ƙasashe da yawa suka ware wa masu koyo. A Ingila, wanda ya yi horon farko kawai ba a yarda ya hau abin da ya wuce 125cc da ƙarfin kilowat 11 ba. Tarayyar Turai ma hawa-hawa take ba da lasisin babur: A1, sai A2 mai iyakar kilowat 35, sannan cikakken A. Irin waɗannan ƙananan babura nauyinsu yakan tsaya tsakanin kilo 110 da 130, wanda mutum zai iya tarewa da ƙafa ɗaya idan ya karkace.

Babura uku ya gani. Na farko 125cc ne, shekara 5, mita na nuna kilomita 34,000. Tankinsa ya lotsa a gefe ɗaya, kushin ya yage, amma mai shi ya fito da littafin sabis da tarin rasitan juyen baƙin mai. Bai kwanta masa ba, ya ce ya yi kama da wanda ya sha wahala. Na biyu 150cc ne kuma ya fi duka araha, sai dai mai shi ya ce takardun sun ɓata a wajen ƙaura. Wannan ko tayawa bai yi ba. Na uku 200cc ne mai silinda ɗaya, iska ke sanyaya injinsa, yana da kabureta da giya biyar, birkin gaba na faifai, na baya na ganga. Shekararsa 9, nauyinsa wajen kilo 140, mita na nuna kilomita 21,000, fenti ja yana sheƙi. Kuɗinsa ya ɗara na farkon da kashi 20 cikin 100.

## Ranar saye

Bayan an tashi daga aiki suka je, shi da wani abokinsa da ya shekara 4 yana hawan babur amma bai taɓa kwance ko fulogi da hannunsa ba. Rana ta riga ta faɗi, fitilar ƙofar gida ce ke haska wurin. Da mai sayen ya dafa gefen injin sai ya ji ɗumi. Mai sayarwa ya ce yanzun nan ya dawo daga aike da shi. Taɓawa ɗaya aka yi wa sitata ya tashi, ƙararsa sumul.

Abokin ya hau, ya zaga abin da bai kai kilomita ɗaya ba, ya dawo yana murmushi. "Abokina, inji lafiya lau, ga ƙarfi. In ka bar shi wani zai ɗauke kafin gobe." Sun gwada fitila da hon da sigina, duk suna aiki. Sun danna taya da yatsa, sun ga zanenta bai cinye ba. Ba su buɗe tanki sun haska ciki ba, ba su ɗaga tayar gaba ba, ba su durƙusa sun dubi sarƙa ba. Takardu kuwa sun ga akwai su, lambar da ke jikin takarda ta yi daidai da ta allon baya, suka tsaya nan.

An yi ciniki, an rage masa kaɗan. Babur ɗin ya cinye kashi 94 cikin 100 na duk abin da ya tara. Da ragowar ya sayi hular kwano mai araha wadda ba ta da tambarin kowace hukumar gwaji, ya cika tanki. Babu safar hannu, babu kuɗin makarantar tuƙi. Abokin ne ya tuƙo babur ɗin gida, shi ne kuma ya yi alkawarin koya masa.

## Mako na 1 zuwa na 3

Washegari da safe babur ya ƙi tashi. Sai da aka ja cok, aka yi ta buga kik, sannan ya kama, ya fesar da shuɗin hayaƙi na 'yan mintoci, daga baya hayaƙin ya ɗauke. Abokin ya ce sanyin safiya ne, kowane tsohon babur haka yake.

Koyon da aka yi masa bai wuce yammaci biyu a wani fili ba: ga kuloci, ga giya, ga totur, saki a hankali. A rana ta biyar ya fara zuwa aiki da shi. Matsaloli uku suka riƙa maimaituwa. Babur yana mutuwa idan ya zo tashi daga tsayuwa, musamman a mahaɗar hanya, motoci na danna masa hon ta baya. Idan yana tafiya a hankali cikin cunkoso, kan babur ɗin yana yi masa lilo, dama da hagu, sai ya sauke ƙafa yana jan ta a ƙasa. Idan kuma ya canza giya sai ya ji fizga da ƙarar ƙarfe daga baya.

Duka ukun kansa ya ɗora wa laifi. Ya ce hannunsa ne bai faɗa ba. Duk wanda ya tambaya ma abin da ya faɗa masa ke nan, domin ko lafiyayyen babur aka ba ɗan koyo, zai kashe shi a mahaɗa, zai yi lilo, zai fizgi giya.

A rana ta 19 aka yi yayyafi da safe. Ya shiga wata kwana da gudun da bai wuce kilomita 20 a awa ba, wata mota ta leƙo daga gefe, ya damƙi birkin gaba alhali babur na karkace. Tayar gaba ta zame, ya faɗi ta ɓangaren hagu. Libar kuloci ta karye, madubi ya fashe, tafin hannunsa da gwiwarsa suka goge a kwalta. Ya yi kwana 6 bai iya riƙe alƙalami da kyau ba. Kansa bai taɓa ƙasa ba.

Faɗuwar ɗan koyo a wannan zango ba baƙon abu ba ne. Binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda aka fitar a 1981 bayan an bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles, ya gano cewa fiye da rabin waɗanda suka yi haɗarin ba su cika wata 5 da fara hawan babur ɗin da suka faɗi da shi ba, kuma kashi 92 cikin 100 ko dai su suka koya wa kansu, ko ɗan'uwa ko aboki ya koya musu.

## Mako na 4 zuwa ƙarshen wata na 3

Bayan faɗuwar tunaninsa ya juya gaba ɗaya. Yanzu komai laifin babur ne. Ya kuma daina taɓa birkin gaba kwata-kwata, da na ƙafa kawai yake tsayawa.

Sai aka shiga gyaran ɗai-ɗai. Duk abin da ya dame shi ranar, shi zai kai wa wanda ya fi kusa, ya faɗi abin da yake so a canza, a canza masa.

Sitata ta fara yin sanyi, sai ya sayi sabon batir. Ya yi mako 3 yana aiki, ya mutu kamar na farkon. Ya mayar wa mai shago yana cewa jabu ne, aka yi masa caji, ya sake mutuwa. Wahalar tashi da safe kuwa aka ce fulogi ne. An sa sabo, bayan kwana 10 aka ciro shi baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Mutuwa a silo aka ce kabureta ce, aka wanke ta, babur ya yi kwana 4 lafiya ya koma gidan jiya, aka sake wankewa. Fizgar baya aka ce sarƙa ce, ya sayi sabuwa aka ɗora a kan tsofaffin sifirokit, wato faifayen ƙarfe masu haƙora da sarƙa ke bi, domin kuɗin saitin gaba ɗaya ya yi masa yawa a lokacin. Cikin wata guda ta saki har tana dukan murfinta.

Na ƙarshe shi ya fi ta'adi. Wani maƙwabci ya ce yana da maganin hayaƙi: a juye baƙin man da ke ciki, a zuba na mota, a ƙara da kwalbar wani sinadari mai rage gogayyar ƙarfe. Hayaƙin safe bai daina ba. Abin da ya ƙaru shi ne, idan ya murɗa totur a giya huɗu ko biyar, sai inji ya yi ta ihu amma gudu bai ƙaru ba.

Zuwa ƙarshen wata na 3 ya kashe kashi 18 cikin 100 na kuɗin sayen a kan waɗannan gyare-gyare, kuma ba matsala ɗaya da ta tafi. Ya yanke shawarar rabuwa da shi. Dillalai biyu suka duba, wanda ya fi tayawa ya ba da kashi 60 cikin 100 na abin da ya saya. Ya fasa, ya jingine babur ɗin, ya koma hawan mota na 'yan makonni.

## Wata na 4: binciken kai zuwa ƙafa

Wani abokin aikinsa ne ya haɗa shi da wani dattijon bakanike, ya kuma ba shi shawarar kada ya ce a gyara komai, ya biya kuɗin dubawa kawai. Bakaniken ya sa sharaɗi ɗaya: a kawo babur da yamma, ya kwana a garejin, domin da sanyin safiya yake so ya fara ganinsa. Kuɗin binciken ya kama kashi 2 cikin 100 na kuɗin babur ɗin, aikin ya ɗauki awa 2 da rabi.

Da taya ya fara. A gefen kowace taya akwai jerin haruffa da ke farawa da DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. Misali 1815 na nufin mako na 18 na shekarar 2015. Tun shekarar 2000 ake rubuta shi haka. Ta gaban wannan babur sa'ar babur ɗin ce, shekara 9. Zanenta na nan da zurfinsa, amma robar ta bushe, farce ba ya shiga, kuma idan aka haska cikin zanen ana ganin ƙananan tsaga. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya wajen masani duk shekara da zarar ta cika shekara 5, a kuma cire ta idan ta kai 10 ko da ba ta cinye ba. Iskar cikinta 17 ce a ma'aunin matsin iska na psi, littafin babur ɗin ya ce 25.

Daga nan ya ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya sa yaronsa ya danne baya har tayar gaba ta bar ƙasa. Ya kira mai babur ɗin. "Malam, zo ka riƙe kan nan da yatsa biyu, ka juya shi a hankali daga hagu zuwa dama." Da ya juya, sai ya ji daidai tsakiya kan ya faɗa wani ɗan gurbi ya maƙale, sai an ɗan tura kafin ya fita. Boris ɗin wuya, wanda kan babur ke juyawa a kansa, ne ya ci rami. Babur mai tafiya a hankali da ƙananan juye-juyen kai yake daidaita kansa, waɗanda mai tuƙi bai ma san yana yi ba. Idan kan yana maƙalewa a tsakiya, sai hannu ya ƙara ƙarfi, kan ya kuɓuce ya wuce inda ake so, a sake dawo da shi ya sake wucewa. Lilon da ya yi wata uku yana jin kunyarsa ke nan.

Shokar gaba ta hagu tana yoyo. Man ya gangaro ta bayan ƙarfen, inda ido ba ya kaiwa sai an durƙusa, ya jiƙa takalman birkin gaba. Man birkin kansa ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Irin wannan mai, DOT 3 ko DOT 4, yana shan danshin iska, shi ya sa masu ƙera babura suke cewa a canza shi duk shekara 2.

Sarƙa tana lilon milimita 55 a tsakiya, littafi ya ce tsakanin 20 da 30. Haƙoran sifirokit sun lanƙwashe gefe ɗaya sun yi tsini. Tsohon haƙori ya riga ya ci daidai da tsohuwar sarƙar da ta miƙe, saboda haka idan aka ɗora masa sabuwa, 'yan haƙora kaɗan ne ke ɗaukar duk nauyin, sai ta lalace da wuri.

Da ya haska cikin tanki da tocila, ƙasan duk tsatsa ce, alamar babur ɗin ya daɗe a ajiye da ɗan guntun fetur. Kowane wankin kabureta da aka yi daidai ne, sai dai tankin yana sake aiko mata da gari.

Sai ma'aunin wuta. Batir a kashe ya nuna bolt 12.1, alhali cikakke yakan nuna wajen 12.6. Da aka tayar da inji aka ba shi wuta, ma'aunin ya tsaya a 12.3. Lafiyayyen caji yana kaiwa tsakanin 13.5 da 14.5. Ashe rektifaya, na'urar da ke daidaita wutar da ke cajin batir, ce ta mutu, soket ɗinta ma ya ƙone. Batir na farko da na biyu duk ƙalau suke, ci ake yi ba a mayarwa.

A kan injin ya sami abu biyu. Tazarar bawul ɗin shigar iska da fetur ta kusa rufewa gaba ɗaya, inda littafin wannan samfuri ya ce milimita 0.08. Bawul da ya matse haka ba ya zama daram, matsin cikin silinda yana zurarewa, inji ya yi wuyar tashi da sanyi. Hayaƙin kuma, tunda shuɗi ne, da safe kawai yake fita, yana ɗaukewa idan inji ya yi zafi, bakaniken ya ce robobin sandar bawul ne suka bushe, mai yana ɗiga cikin silinda da dare. Da ringin fistin ne, da hayaƙin zai riƙa ƙaruwa duk lokacin da aka murɗa totur. Wannan man ne ke baƙanta fulogi. Kuma duka biyun, wuyar tashi da hayaƙi, ba a ganinsu a injin da aka riga aka ɗumama.

Zamewar kuloci daga man mota da sinadarin nan ta fito. A yawancin babura, faifayen kuloci a cikin baƙin man inji suke wanka, kuma da gogayya suke kamawa. Abin da aka zuba domin rage gogayya ya shiga tsakaninsu. Saboda haka ne ake buga alamar inganci ta JASO MA ko MA2 a jikin galan ɗin man da ya dace da irin wannan kuloci.

Game da mita, bakaniken bai yi dogon bayani ba. Ya nuna masa robar matakin ƙafa da ta cinye har ƙarfe ya fito, da bakin faifan birki da ya yi gaɓa mai kama farce, da kawunan kusoshin bayan mitar da suka sha sukudireba. Ya ce babur ɗin da ya yi kilomita 21,000 ba ya kama da haka.

Akwai labari mai daɗi. Ya ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, ya ga suna kan layi ɗaya. Babu walda a wuya ko ƙarƙashin tanki, babu ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, babu garin ƙarfe a man da aka juye. Da aka daidaita bawul, matsin silinda ya dawo cikin abin da littafi ya yarda da shi. A ƙasan takardar ya rubuta cewa gangar jiki da inji sun cancanci a kashe musu kuɗi.

## Wata na 4 zuwa na 6: gyara bi da bi, da komawa koyo

Kuɗin ba su isa a yi komai lokaci ɗaya ba, sai bakaniken ya jera aikin kashi uku, ya kuma ce ba za a hau babur ɗin a titi ba sai an gama kashin farko. Kashin farko shi ne abin da ke iya kayar da mutum: tayoyi biyu, boris ɗin wuya, robobin shoka da mansu, takalman birki da man birki. Na biyu abin da ke iya barin mutum a hanya: rektifaya da soket, sarƙa da sifirokit biyu a tare, wankin tanki da ƙarin 'yar matatar fetur a kan tiyo. Na uku robobin bawul, da juyen mai sau biyu a jere domin a wanke kuloci. Zamewar ta ragu sosai ba tare da an canza faifayen ba. Jimillar wannan aiki kashi 37 cikin 100 na kuɗin sayen.

A makonnin da babur ke gareji ya shiga makarantar tuƙi, inda aka ɗora shi a kan wani 125cc da ake kula da shi. A nan abubuwa suka rabu. Lilon nan babu shi, tun zagayen farko. Fizgar giya ma ta ragu. Amma mutuwar inji wajen tashi tana nan, sau uku ya kashe lafiyayyen babur a darasin farko. Mai koyarwar ya lura yana sakin kuloci gaba ɗaya da zarar ya ji babur ya motsa. Ya sa shi ya riƙa tsayar da libar daidai inda ta fara kamawa, yana tafiya da ƙafa a ƙasa, gaba da baya, har hannun ya gane wurin.

Birki ya fi ɗaukar lokaci, saboda tsoron da faɗuwar ta bar masa. Idan aka taka birki nauyi yana komawa gaba, shi ya sa birkin gaba ke yin wajen kashi 70 cikin 100 na aikin tsayarwa. Wanda ya dogara da na baya kaɗai zai ja taya a ƙasa ya wuce inda ya so tsayawa, kuma wannan kuskure ne da binciken Hurt ya samu a wajen masu haɗari da yawa. An koya masa matsa na gaba a hankali sannan ya ƙara, maimakon damƙa, da kuma gama rage gudu kafin shiga kwana. An auna masa a fili: a gudun kilomita 50 a awa, babur yana cin kusan mita 14 duk daƙiƙa, tun kafin yatsa ya kai ga liba. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata yana ninka huɗu.

Ya canza hular kwano zuwa mai rufe haɓa, mai tambarin gwajin inganci na ECE 22.06, ya sayi safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu. Nazarin da ƙungiyar binciken lafiya ta Cochrane ta fitar a 2008 ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Makaranta da kayan kariya sun ci kashi 15 cikin 100.

Takardu ma sai a wannan zango aka taɓa su. Da ya je mayar da su sunansa, aka duba lambar jikin babur mai haruffa da lambobi 17 da ke buge a wuyansa, da lambar inji, duka suka yi daidai da takarda. Sai dai sunan da ke kai ba na wanda ya sayar masa ba ne, na wanda ya riga shi ne. An yi mako 3 ana neman mutumin kafin ya sa hannu.

## Wata na 7 zuwa na 12

A wata 6 na ƙarshe ya yi kilomita 4,800. Bai faɗi ba, babur bai bar shi a hanya ba. Yana tashi da sitata da safe, babu hayaƙi. Tafiyar aiki tana ɗaukar minti 35 zuwa 40. Yana duba iskar taya da lilon sarƙa duk mako, yana juye mai a kan adadin kilomitar da littafi ya faɗa, yana rubutawa. Abu biyu suka rage a takardar bakanike: faifayen kuloci da za a canza a sabis na gaba, da shokar baya da ta fara laushi. Jimillar abin da ya kashe a shekarar, ban da fetur da mai, ya kai kashi 172 cikin 100 na kuɗin da ya biya ranar farko.

## Hukunci

Sayen na hannu ba shi ne kuskuren ba. Faɗuwar rana ta 19 ta tabbatar da lissafinsa na farko, liba da madubi kawai ya yi asara. Girman injin ma ba shi ne babban abin ba. 200cc ya ɗan yi wa mai koyo nauyi, kuma ƙarin kilo 20 yana bayyana idan babur ya karkace a tsaye, amma babu ɗaya daga cikin matsalolin nan da ta fito daga yawan ƙarfi.

Abin da ya fi cutar da shi shi ne bai san yadda lafiyayyen babur yake a hannu ba. Ƙwararre zai hau wannan babur ya ji wuyan yana maƙalewa kafin ya fita daga layi. Ɗan koyo ba shi da abin da zai gwada da shi, saboda alamun lalacewar babur da alamun rashin iya tuƙi kamanninsu ɗaya: mutuwar inji, lilo, fizga, zamewa. Shi ya sa ya yi mako uku yana zargin hannunsa a kan laifin boris, sannan ya yi wata biyu yana zargin kabureta a kan abin da rabinsa laifin hannunsa ne. Faɗuwar kanta ta haɗa biyun. Damƙar birki a cikin kwana tasa ce, busasshiyar taya mai ƙarancin iska a jiƙaƙƙiyar kwalta ta babur ce, kuma kowanne ya rage wa ɗayan damar yafiya.

Gyaran ɗai-ɗai ya faɗi ne domin shi yake faɗin cutar, masu gyara suna sayar masa da abin da ya nema. Ba su yi masa ƙarya ba, batir ya ce, batir suka ba shi. Abin da ya yi aiki ya zo ta hanya biyu da ba su dogara da jinsa ba: bakanike ya auna babur ɗin da ma'auni da littafi, mai koyarwa ya auna shi a kan babur da aka san lafiyarsa. A ganina da ya fara da makarantar tun kafin ya fita neman babur, da ko abokin nan bai buƙata ba wajen jin wuyan. Abokin kuwa ba a ga laifinsa sosai ba, ya faɗi abin da mai hawa ke iya ji a zagayen minti biyu, ba a tambaye shi abin da ya wuce haka ba.

Ƙin sayarwa a wata na 3 ya yi daidai, ko da yake taurin ciniki ne ya hana shi, ba sani ba. Da ya karɓi kashi 60, da ya tafi da asara ya sake shiga kasuwa da idon da ya shiga da shi karon farko. Cikin kashi 72 da ya ƙara kashewa, 15 na makaranta da kayan kariya dole ne ko da sabon babur ya saya, 18 na gyaran ɗai-ɗai asara ce tsantsa, 2 na binciken bakanike ne, 37 kuma kuɗi ne da ya kamata a fitar daga farashin tun ranar ciniki. Babur na farko mai lotsattsen tanki ya zo da abin da na ukun ba shi da shi, wato shaidar da za a iya karantawa, kuma ya bar ta saboda fenti.

Cikin lahani 9 da aka rubuta a takardar binciken, 7 ana iya ganinsu da rana tsaka, a kan inji mai sanyi, ba tare da sifana ba: shekarun taya, wuya, yoyon shoka, birki, sarƙa da sifirokit, tsatsar tanki, hayaƙi. Caji da tazarar bawul ne kawai ke buƙatar ma'auni. Ko da ya gan su duka ranar, ba lallai ne ya fasa sayen ba, tunda gangar jiki da ƙasan inji lafiya suke. Zai dai saya a kan wani farashin, kuma taya da birki za su riga shi hawa titi.